An Duba Yaron, Sai Kuma Me? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Ostireliya

Zuwa ga Mai Girma Mark Butler,
Ministan Lafiya na Gwamnatin Tarayyar Ostireliya,
Kanbera.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar arewacin Najeriya, kuma na yi shekaru ina aiki a ƙananan asibitocin ƙauyukan 'yan asalin ƙasa da ke Yankin Arewa na ƙasarku, inda wani ƙauyen sai an yini ana tafiya a kan jar ƙasa kafin a kai shi, wani kuma da zarar damina ta sauka koguna suka cika, sai dai ta jirgin sama. Na rubuta wannan wasiƙa da harshen da nake tunani da shi, domin 'yan uwana ma'aikatan lafiya da ke ɗaura ɗamarar zuwa wannan ƙasa su ma su san abin da za su tarar. Maganata a kan abu ɗaya ce. Gwamnatinku ta ƙware wajen duba lafiyar yaran Aborijin da na tsibiran mashigin Torres, tana biyan kuɗin dubawar, tana ƙirga ta, tana shelanta adadinta, amma abin da ya kamata ya biyo bayan dubawar, wato maganin abin da aka gano, shi ne aka bar wa sa'a.

Bari in fara da wata yarinya 'yar shekara huɗu da kakarta ta kawo mini wata safiya. Da na leƙa kunnenta na dama sai na tarar mugunya ta cika shi har ta bushe a bakin kunnen, ƙudaje na bi. Na murɗa takardar goge hannu ta zama tsinke, kamar yadda muke koya wa iyaye, na tsane kunnen sau biyar ko shida kafin in iya ganin dodon kunnen, kuma a huje yake. Na ɗiga mata magani, na nuna wa kakar yadda za ta riƙa yi safe da yamma, na cike takardar tura ta wurin mai gwajin ji da likitan kunne. Tsohuwar ta zura mini ido ina rubutu har na gama, sannan ta gaya mini, ta bakin abokiyar aikina 'yar garin da ke mana tafinta, cewa ni ce ta uku da ta rubuta wa jikarta irin wannan takarda. Na buɗe kwamfuta na duba, sai ga shi gaskiya ta faɗa. Sau biyu an tura yarinyar kafin zuwana. Karo na farko likitan ya zo garin lokacin da dangin suka tafi zaman makoki a wani ƙauye mai nisa, aka rubuta cewa ba ta halarta ba, aka cire sunanta. Karo na biyu kuwa nas ɗin da ta rubuta takardar ta gama kwangilarta ta mako shida ta koma kudu, babu wanda ya sake bi ta kan maganar. A rajistar gwamnati, an duba lafiyar wannan yarinya sau uku, kuma an biya kuɗin kowace dubawa. A gida kuwa, sai an dafa kafaɗarta take juyowa.

Ranka ya daɗe ya fi ni sanin cewa wannan matsala ba yau ta fara ba. A watan Yunin 2007, bayan fitowar rahoton Rex Wild da Pat Anderson a kan cin zarafin yara, gwamnatin John Howard ta ayyana matakin gaggawa a kan ƙauyuka 73 na Yankin Arewa, ta dakatar da aiki da dokar hana wariyar launin fata a kansu, ta tura ayarin likitoci da nas-nas tare da sojoji masu kai musu kaya. Da farko an ce dubawar tilas ce, sai da likitoci suka nuna cewa duba yaro ba da yardar iyayensa ba shi ma cin zarafi ne, sannan aka mayar da ita ganin dama. Cikin shekara biyu an duba yara fiye da 10,000. An samu matsalar haƙori a wajen huɗu cikin kowane goma, ciwon kunne a wajen uku cikin goma, cutar fata ma kamar haka, kuma an rubuta wa kusan bakwai cikin goma takardar turawa gaba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama labari ga ma'aikatan da suka daɗe a ƙauyukan, domin sun san yaran da sunayensu. Abin da ba su da shi shi ne likitan haƙori da likitan kunne da kuɗin jirgi da hannun da zai bi kowace takarda har ƙarshenta, kuma an ɗauki shekaru ana fama da tarin takardun da ayarin suka bari a baya. Darasin a bayyane yake tun lokacin, amma tsarin biyan kuɗi na yau bai nuna an ɗauke shi ba.

A ƙarƙashin Medicare, tsarin inshorar lafiya na gwamnati, akwai dubawar da kowa a nan yake kira da lambarta, 715, wadda kowane ɗan asalin ƙasa, yaro ko babba, yake da damar a yi masa sau ɗaya a kowane wata tara. Abu ne mai kyau, kuma ba na cikin masu cewa a soke ta. Akan auna tsayi da nauyi, a duba jini don gano ƙarancinsa, a leƙa kunne da ido da baki, a duba fata, a saurari zuciya, a tambayi uwa yadda yaron ke magana da wasa. Tsarin ya kuma tanadi kuɗin komawa wurin nas ko ma'aikacin lafiya ɗan asalin ƙasa har sau goma a shekara bayan dubawar. Sai dai alƙaluman hukumar ƙididdigar lafiya ta ƙasarku sun nuna cewa waɗanda aka biya wa irin wannan bibiya cikin shekarar da ta biyo bayan dubawarsu ba su kai rabi ba. Na yarda cewa ba duk wanda aka duba ke buƙatar dawowa ba, na kuma yarda cewa muna yin ayyuka da yawa da ba sa shiga lissafin Medicare. Amma wannan uzurin shi kansa tonon asiri ne, domin yana nufin cewa gwamnati ba za ta iya faɗin yara nawa aka gano musu cuta kuma aka yi musu magani har suka warke ba. Asibitin da kuɗi ya yi wa ƙaranci ya san inda riba take: dubawa ana gama ta cikin awa guda a karɓi kuɗi, bibiya kuwa mota ce da mai da direba da yini guda ana zagaya gidaje ana neman yaron da ya bi kawunsa kamun kifi.

Maganar kunne ita ce ta fi damuna, shi ya sa zan ɗan tsaya a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk al'ummar da ciwon kunne mai zubar da mugunya ya kama fiye da kashi 4 cikin ɗari na yaranta, to tana cikin babbar matsalar da ke buƙatar matakin gaggawa. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda ya duba yara ƙanana 709 a ƙauyuka 29 na arewaci da tsakiyar ƙasar, ya tarar da cewa tara cikin goma suna da wani nau'in ciwon kunne, kuma kusan ɗaya cikin huɗu dodon kunnensu ya huje. Ciwon yakan fara tun jariri yana da 'yan makonni, sau da yawa ba tare da zazzaɓi ko kuka ba, saboda haka uwa ba ta da dalilin kawo shi asibiti. Shekarun da kunnen ke toshe kuwa su ne ainihin shekarun da yaro ke ɗaukar harshe. Yaron da ake yi wa magana da Warlpiri ko Murrinh-patha ko Yolŋu a gida, ya shiga aji inda malama ke koyarwa da Ingilishi, harshensa na biyu ko na uku, kuma yana jin ta kamar daga cikin rijiya, me ake tsammani daga gare shi? Za a ce ba ya jin magana, kuma a zahiri ba ya jin ta. Daga nan sai ƙin makaranta, sai yawon dare, sai hannun 'yan sanda. Gwajin da aka yi wa fursunoni 'yan asalin ƙasa a gidajen yarin Darwin da Alice Springs ya nuna cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari suna da raunin ji. Mu a gida mukan ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar ta zauna daram ba kamar a nan.

Shirin gwajin ji kyauta ga yaran da ba su shiga makaranta ba, wanda aka fara a 2019, ya taimaka, kuma na ga amfaninsa da idona. Amma shi ma gwaji ne. Yaron da aka tabbatar yana buƙatar a ɗinke masa dodon kunne ko a sa masa ɗan bututu sai ya shiga layin tiyata a babban asibiti mai nisan ɗaruruwan kilomita, kuma ba a yin aikin sai kunnen ya bushe, kunnen kuma ba ya bushewa sai da wanda zai tabbatar ana ɗiga magani kullum na makonni. Duk sarƙar ta rataya ne a kan mutum ɗaya da ke zaune a garin wanda ya san gidan.

Ciwon zuciya ya fi wannan tsanani, domin shi rai yake ɗauka. Ƙwayar cutar sitiref tana shiga ta maƙogwaro ko ta gyambon fata, wanda ƙazuwa ke buɗe wa hanya, sai bayan makonni yaro ya tashi da zazzaɓi da kumburin gaɓoɓi, kuma kowane dawowar zazzaɓin yana ƙara cinye ƙofofin zuciya. Wannan cuta ta kusan ɓacewa a unguwannin Sidni da Melbon tun shekaru da dama. A Maningrida kuwa, kimanin kilomita 500 gabas da Darwin, hoton zuciyar da aka ɗauka wa yara da matasa fiye da 600 a 2018 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin ashirin yana ɗauke da ita, adadin da ke cikin mafi yawa da aka taɓa rubutawa a duniya. Maganin hana ta ci gaba ba shi da tsada: allurar fenisilin a tsoka duk kwana 21 zuwa 28, na tsawon shekaru, sau da yawa har goma. Amma wanda bai taɓa riƙe wannan sirinji ba bai san abin da ake nema daga yaron ba. Ruwan maganin kauri gare shi kamar kunu. Nakan riƙe shi a tafin hannuna ya yi ɗumi, in haɗa da maganin kashe zafi, in tura shi a hankali ina ƙirga mintoci, duk da haka yaro ɗan shekara tara yakan ciji hannun rigarsa. Sau goma sha uku a shekara ake so ya dawo da ƙafarsa a yi masa wannan. Na san wani da yake haye bishiya da zarar ya hango motar asibiti, kuma ba ya saukowa sai in ita abokiyar aikina ce ta kira shi, domin ita gwaggonsa ce a tsarin danginsu. Ranar da ta tafi hutu, allurarsa ta makara da kwana goma sha ɗaya, kuma kowace rana daga cikinsu ƙofa ce a buɗe. A kan wannan aka ƙara ƙarancin maganin kansa da aka shiga a 2023, har aka koma shigo da wasu nau'o'insa daga waje.

Abin da ke faruwa idan sarƙar ta tsinke yana nan a rubuce. A Doomadgee da ke jihar Kwinsland, mata uku masu wannan cuta sun rasu tsakanin 2019 da 2020, ɗayarsu tana da shekara 18, kuma mai binciken musabbabin mutuwa ta bayyana a 2023 cewa tsarin kula da su ya gaza, har da rashin musayar bayanai tsakanin cibiyoyin lafiyar da ke gari ɗaya. Dukansu an san suna da cutar, an rubuta sunayensu. Gwamnati ta ɗauki alkawarin kawar da wannan ciwo nan da 2030, kuma shekarun da suka rage ba su da yawa.

Tushen tsinkewar sarƙar, a ganina, shi ne rashin zaman ma'aikata. Binciken da ya bi asibitocin gwamnati na ƙauyukan Yankin Arewa daga 2013 zuwa 2015 ya gano cewa sauyin nas-nas ya kai kashi 148 cikin ɗari a shekara, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai ke nan a asibitin da yake bayan wata goma sha biyu. Ina faɗin wannan ba don in zargi masu zuwa na ɗan lokaci ba, domin ni ma da haka na fara, kuma in ba don su ba da wasu asibitocin sun rufe. Amma baƙo, komai ƙwarewarsa, bai san cewa yaron da aka rubuta da suna kaza ana kiransa da wani suna a gida ba, bai san cewa an daina ambaton wani suna saboda mai shi ya rasu ba, bai san wace mace ce ke da ikon yanke shawara a kan yaron ba, wadda sau da yawa ba mahaifiyarsa ba ce. Kafin ya koya, lokacinsa ya ƙare. Waɗanda suka san duk wannan, wato ma'aikatan lafiya 'yan garin, su ne mafi ƙarancin albashi, kuma sau da yawa baƙon ne ake ba gidan ma'aikata, su kuwa su koma gidan da mutum goma sha biyar ke kwana.

Wannan ya kawo ni ga gidajen. Tun 1987, aikin da aka yi a ƙasar Aṉangu ta arewacin jihar Ostireliya ta Kudu, tare da jagoran al'umma Yami Lester da likita Paul Torzillo da masanin gine-gine Paul Pholeros, ya jera abubuwa tara da gida zai iya yi don mazaunansa su zauna lafiya, kuma na farko a cikinsu shi ne a iya yi wa yaro wanka. Da aka yi ta auna dubban gidaje bayan haka, sai aka ga cewa mafi yawan lalacewar famfo da shawa da magudana daga rashin gyara da mugun gini take, abin da mazauna suka lalata da hannunsu bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. A jihar New South Wales, inda aka bi wannan tsari aka gyara, kwanciya a asibiti saboda cututtuka masu yaɗuwa ta ragu da kashi 40 cikin ɗari. Na yi murna da yarjejeniyar dala biliyan huɗu da aka sanar a Maris ɗin 2024 don gina gidaje har 270 a shekara na tsawon shekara goma a Yankin Arewa. Sai dai yau idan na shafa wa yaro maganin ƙazuwa, zan iya tura shi wurin likitan fata, amma ba ni da tabbatacciyar hanyar tura mai gyaran famfo gidansu cikin mako guda. Bayan wata ɗaya yana dawowa da ƙurajensa. Amosanin ido ma, wanda na sani tun daga gida kuma na yi mamakin tarar da shi a ƙasa mai arziki irin wannan, shekaru da yawa bayan likitan ido Fred Hollows ya zagaya ƙauyuka 465 a kansa, ruwa da tsabtar fuska ne suka fi magani tasiri a kansa.

Akwai kuma abin da alƙalami ba ya kamawa. Kakannin da ke kawo mana yara sun ga lokacin da ake ɗauke 'ya'ya daga hannun iyayensu, wasunsu ma su aka ɗauke, kuma neman gafarar da Firayim Minista Kevin Rudd ya yi a 2008 bai hana adadin yaran 'yan asalin ƙasa da ke hannun hukuma ci gaba da hauhawa ba. Uwar da ta ɗora ɗanta a kan sikelina ta san cewa abin da na rubuta yana iya kaiwa wani ofishi. Duk da haka ta zo. Idan ta ɗauki wannan kasada sau uku ba ta ga komai ba, karo na huɗu ba za ta zo ba, mu kuma mu rubuta cewa ba ta ba da haɗin kai. Na san wannan yanayi daga gida. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, cikin tambayoyin da iyaye suka riƙa yi akwai wadda ba ta da sauƙin amsawa: me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigon da ba su nema ba, alhali in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro babu magani a asibiti?

Ranka ya daɗe, gwamnatinku ta sa hannu a yarjejeniyar Cike Giɓi ta 2020 tare da gamayyar ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa, ta yi alkawarin ƙarfafa cibiyoyin da al'umma ke gudanarwa da kansu da kuma raba musu bayanai. A farkon 2024 hukumar da aka ɗora wa bin diddigin yarjejeniyar ta ce gwamnatoci ba su cika akasarin abin da suka ɗauka ba. Burin da aka sa na cewa kashi 55 cikin ɗari na yara su shiga makaranta girmansu da fahimtarsu na kan hanya nan da 2031 yana nan wajen kashi ɗaya bisa uku, kuma baya yake ja. Alhali misalin abin da ke aiki yana gabanmu tun da aka buɗe asibitin Aborijin na unguwar Redfern da ke Sidni a 1971 da cibiyar lafiya ta Congress a Alice Springs a 1973, har zuwa cibiyoyin Miwatj da Nganampa da sauran cibiyoyi fiye da 140 da ke ƙarƙashin NACCHO, uwar ƙungiyar cibiyoyin lafiyar da 'yan asalin ƙasa ke gudanarwa da kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma cibiyar da ake ba kuɗin shekara ɗaya ko biyu ba za ta iya ɗaukar yarinya 'yar gari ta horar da ita ta yi mata alkawarin aiki ba, alhali allurar yaro ɗaya tana ɗaukar shekara goma.

Saboda haka roƙona shi ne, duk lokacin da ma'aikatarka za ta faɗi adadin yaran da aka duba, ta faɗi kusa da shi adadin waɗanda aka tura gaba, da waɗanda suka isa, da tsawon watannin da suka jira, yanki-yanki, kuma a miƙa wa shugabannin kowace al'umma nasu alƙaluman. A ɗaura wani kaso na kuɗin 715 a kan kammala abin da dubawar ta gano, a kuma biya aikin nemo yaro da kai shi kamar yadda ake biyan aikin auna shi. A daina cire sunan yaro daga layin likita saboda danginsa sun tafi makoki. Iyalan da ke kai-komo tsakanin Yankin Arewa da Ostireliya ta Yamma da ta Kudu suna ratsa tsarin lafiya uku da ba sa ganin rajistar juna yadda ya kamata, kuma wannan aiki ne da gwamnatin tarayya kaɗai ke da ƙarfin tilasta shi. Ina kuma roƙon ka zauna da Sanata Malarndirri McCarthy, Ministar Harkokin 'Yan Asalin Ƙasa, wadda 'yar garin Borroloola ce kuma ta san waɗannan hanyoyi, ku samar wa ma'aikatan lafiya 'yan gari gidaje da albashin da zai riƙe su.

Yarinyar da na fara ba ka labarinta ta ga likitan kunne a ƙarshe, saboda abokiyar aikina ta rubuta ranar zuwansa a bayan hannunta da biro, ta je gidan da asuba ta ɗauko su da motarta. An sa ta a layin tiyata. Zuwa ranar da nake wannan rubutu ba a kira ta ba, kuma baɗi za ta shiga makaranta. Kakarta takan tsayar da ni a bakin kanti ta tambaye ni yaushe, ni kuma ina so in sami ranar da zan faɗa mata.

Na gode da sauraro. Allah ya ba da ikon sauke nauyi.

Taka mai biyayya,
Ma'aikaciyar jinya,
Yankin Arewa, Ostireliya.